Faɗuwa biyu a kwas ɗin falsafa: lamarin wata ɗalibar kimiyya

Asalin lamarin

Duk wanda ya yi digirin farko a jami'ar Najeriya ya san kwasa-kwasan ilimi na gama-gari da ake kira GST, waɗanda wasu jami'o'in ke ce wa GSP ko GENS. Na dole ne a kan kowa, ko likitanci kake yi ko lissafi. Jami'ar Nsukka ce ta fara su a farkon shekarun 1960, da shawarar malaman Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sa su cikin ma'aunin da kowace jami'a za ta bi. A ma'aunin 2007 akwai Turanci, da amfani da laburare, da al'ummomin Najeriya da al'adunsu, da nazarin zaman lafiya da sasanta rikici, da tarihin kimiyya da falsafarta, sai kuma mantiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, da falsafa da samuwar ɗan'adam. Galibinsu yunit bibbiyu ne. Amma wanda bai ci su ba ba zai karɓi digiri ba, komai kyawun sakamakonsa a sashensa.

Wadda wannan nazari ya shafa ɗaliba ce a sashen nazarin ƙananan halittu, a wata jami'ar gwamnati a arewa maso yamma. Ta shigo a zangon karatu na 2018/2019. Ta gama aji ɗaya da CGPA, wato matsakaicin makinta na duk kwasa-kwasai, 4.1 cikin 5, tana cikin na gaba-gaba a ajinsu, kuma masu kula da ɗakin gwaji sun san ta da tsabtar aiki. Ta yi Islamiyya har ta sauke, a gidansu kuma akwai baffanta mai karantarwa a zaure. Ni ne kodinetan ajinsu daga aji uku, don haka abin da ya gabaci wannan lokaci daga takardun sakamako da kuma bakinta na same shi.

A jami'ar, ana yin kwas ɗin mantiƙi da falsafa ne a semestan farko na aji biyu, an kuma cusa masa wani yanki na falsafar kimiyya. Maki 30 na gwaji ne, 70 na jarrabawa, ƙasa da 40 faɗuwa ce.

Zangon 2019/2020: faɗuwar farko

Ɗaliban tsangayar kimiyya duka ake haɗawa a babban ɗakin lakca guda, waɗanda suka yi rajista sun haura dubu. Lakca awa biyu ce a mako, da lasifika, in an ɗauke wuta kuwa na baya sai kallon bakin malami. Babu tutoriyal. Abin karantawa handawut ne mai shafi kusan sittin: ma'anar falsafa da rassanta, jerin sunaye daga Thales zuwa Descartes da Kant, nau'o'in kurakuran hujja, hujjojin samuwar Ubangiji da martanin masu musu, da babi a kan asalin ɗan'adam. Jarrabawar a kwamfuta ake yi, tambayoyi masu zaɓi huɗu.

Ta halarci lakcocin farko, sannan ta rage zuwa. Awa biyun nan ta mayar da su ga rubuta rahoton firaktikal, wanda a ganinta shi ne karatun da ta zo yi. Ana saura kwana uku jarrabawa ta ɗauki handawut ɗin, ta tsallake babi biyu na ƙarshe gaba ɗaya. Ta sami 11 a gwaji, 20 a jarrabawa, jimla 31.

Sakamakon bai fito da wuri ba. An rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba na shekarar. Sai a 2021 ta ga F ɗin a allo, a tsakiyar A da B.

Ƙarshen 2021: hadda da tsoffin tambayoyi

Ta sake rajistar kwas ɗin a semestan farko na aji uku, a matsayin kari-oba. Lokacin lakcarsa ya ci karo da firaktikal ɗin sashe, don jadawalin ba ya la'akari da masu maimaici. Ta zaɓi firaktikal, kuma kowane malamin sashe zai ce ta yi daidai.

Dabarar da ta bi ita ce wadda kowa ke ba da shawara. Ta sayi tarin tsoffin tambayoyi na shekaru biyar a shagon fotokwafi, ta haddace amsoshinsu. Ta shiga tutoriyal na kuɗi da wani ɗan aji huɗu ke yi da yamma, wanda shi ma amsoshin yake karanta musu. Ta yi katuna, suna a gaba, abin da mai sunan ya faɗa a baya. Wannan karon ta ba abin lokaci sosai.

A shekarar an sauya malamin kwas, sabon ya rage tambayoyin waye ya ce kaza. Ya ƙara waɗanda za a ba ka gajeriyar hujja a ce ka faɗi ko tsarinta ingantacce ne, ko wane kuskure ke cikinta. Tana iya kawo sunayen kurakuran hujja goma sha biyu a jere, amma da aka ajiye mata hujjar da ba ta taɓa gani ba, ta kasa gane wanne ne a ciki. Ta sami 15 a gwaji, 22 a jarrabawa, jimla 37. CGPA ɗinta ya sauko zuwa 3.8.

Saura mata dama ɗaya kafin lokacin kammalawarta, wato semestan farko na aji huɗu. In ta sake faɗi, sai ta ƙara shekara guda cur saboda yunit biyu, ƙawayenta su tafi hidimar ƙasa su bar ta.

Farkon 2022: abin da zama da ita ya nuna

Ta zo ofis da takardar rajista, tana tambaya ko akwai hanyar da za a yafe mata kwas ɗin ko a musanya shi da wani. Babu. Na nemi ta zauna mu duba inda matsalar take, sai abubuwa biyu suka fito.

Na farko, na rubuta mata wannan a takarda: idan mutum yana da taifod, gwajin Widal zai nuna, gwajin Widal ya nuna, saboda haka mutumin yana da taifod. Na tambaye ta ko hujjar ta tsaya. Ta ce ta tsaya. Sai na tambaye ta a matsayinta na 'yar sashenmu, shin duk wanda Widal ɗinsa ya nuna taifod ke damunsa? Nan take ta ce a'a, Malam, ta kuma jero dalilai: gwajin garkuwar da jiki ya samar yake aunawa, ba ƙwayar cutar ba, wanda ya taɓa yin ciwon ko aka yi masa rigakafi zai iya nunawa, maleriya da wasu cututtukan ma suna ruɗa shi, tabbaci sai an reni ƙwayar daga jini. Ta san wannan sarai tun aji biyu. Abin da ba ta taɓa lura ba shi ne, shi ne ainihin kuskuren da ke shafi na ashirin da wani abu na handawut ɗinta, wanda ta haddace sunansa ta kuma kasa amsa tambayarsa a jarrabawa.

Na biyu ya fi wuyar fitowa. Babi biyun da ta tsallake a karon farko, a karo na biyu ma ba ta buɗe su ba. Tun tana sakandare ta ji ana cewa falsafa tana kai mutum ga shakka a kan imaninsa, wata ƙawarta a masallacin makaranta ta ƙara mata da cewa malamai sun haramta karanta mantiƙi. Ba ta taɓa faɗa wa wani malami ba, don tana ganin dariya za a yi mata. Kwas ɗin gaba ɗaya tana riƙe da shi ne nesa da jikinta, tana so ta ci ba tare da ya shige ta ba.

Wannan ba fargabar da lakcaran kimiyya zai kawar da ita da baki ba ce, kuma ba huruminsa ba ne. Na ce ta kai tambayar gida wurin baffanta. Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ASUU ta sake tafiya yajin aiki.

Fabrairu zuwa Oktoba 2022: karatu a zaure

Yajin aikin ya kai wata takwas, har 14 ga Oktoba. A cikinsa ne abin ya juya, kuma ba hannun jami'a a ciki.

Baffan bai yi mata dogon wa'azi ba. Ya tambaye ta wa ya wallafa Ahalari, littafin da ta fara koyon tsarki da salla a cikinsa. Ta ce Shehu Abdurrahman al-Akhdari. Sai ya ɗauko mata Sullam, waƙen da shi wannan malamin na ƙasar Aljeriya ya tsara a kan mantiƙi a shekara ta 941 bayan Hijira, wato 1534, yana ɗan shekara 21, kusan sa'anta. Ya nuna mata wurin da mawallafin ya kawo saɓanin da kansa: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali wanda ya san Alƙur'ani da Sunna. Ya gaya mata ƙawarta ba ƙarya ta yi ba, ra'ayi ɗaya ta ji cikin uku. Ya ƙara da cewa Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare mantiƙi a musayar baitoci tsakaninsa da Suyuɗi, wanda ke ƙyamar fannin.

Suka riƙa karatu bayan la'asar, kwana biyu a mako, baiti kaɗan-kaɗan. Ba su gama littafin ba, sun dai kai babin ƙiyasi. A nan ta haɗu da misalin da ɗaliban tauhidi suka saba da shi: duniya mai sauyawa ce, duk mai sauyawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce. Ta ga ƙira ɗaya ce da misalin handawut na cewa Socrates mutum ne, duk mutum mai mutuwa ne. Ta ga kuma hujjojin samuwar Ubangiji da take gudu a babin nan, malaman da take girmamawa sun daɗe suna gina irinsu suna amsa wa masu musu.

Abu mafi amfani da ta samu a zauren, a faɗarta, shi ne rarrabe tambayoyi biyu: shin maganganun da aka ɗora hujja a kansu gaskiya ne, da kuma shin natijar ta biyo daga gare su. Baffan yakan ba ta hujja mai tsari daidai amma tushenta ƙarya, gobe ya ba ta mai tushe na gaskiya amma tsarinta a karye, ya ce ta nuna masa inda ɓarakar take. Irin wannan horo na mutum da mutum, ana yi ana gyara maka, ba ta taɓa samunsa a ɗakin mutum dubu ba.

Nuwamba 2022 zuwa tsakiyar 2023: zaman Asabar

Da aka dawo, na duba takardu na ga ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu tara a sashen masu ɗauke da kwas ɗin. Na nemi wani matashin malami daga sashen da ke koyar da shi, ya yarda mu riƙa zama da su ranar Asabar da safe, awa ɗaya da rabi, ba kuɗi. Sharaɗin zaman guda ne: kowane batu na handawut sai an fara da wani lamari daga fanninsu, a yi gardama a kansa, sannan a buɗe shafin.

Don gwada hasashe, mun ɗauki labarin likita Ignaz Semmelweis a babban asibitin Viyana a 1847. Mata masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a ɓangaren da ɗaliban likita ke aiki fiye da ɓangaren ungozomomi. Ya gwada bayanai ɗaya bayan ɗaya, har da yanayin kwanciyar mai naƙuda da hanyar da limamin coci ke bi da ƙararrawarsa, kowanne ya faɗi. Sai abokin aikinsa Kolletschka ya yanke da wuƙar binciken gawa, ya mutu da alamomi irin na matan. Semmelweis ya sa a riƙa wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka sauko daga kusan kashi 18 cikin ɗari a Afrilu zuwa kusan kashi 2 a Yuni. Daga nan maganar masanin falsafar kimiyya Karl Popper, cewa hasashen kimiyya shi ne wanda gwaji zai iya ƙaryata shi, ta zauna musu ba tare da hadda ba. Sai wani ɗalibi ya tambaya, to me ya sa likitoci da yawa na zamanin suka ƙi yarda, alhali ga lissafi? Wannan tambaya ta cinye Asabar ɗin gaba, don amsarta ba a ɗakin gwaji take ba, tana cikin girman kai na sana'a da rashin bayanin da zai gamsar kafin a san ƙwayoyin cuta.

Don dalili da sababi, mun ɗauki sharuɗɗan Robert Koch na tabbatar da cewa wata ƙwaya ce ke haddasa wata cuta, waɗanda suka haddace tun aji biyu. Ita ce ta kawo cikas ɗin: akwai mai ɗauke da ƙwayar taifod ko kwalara ba ya ciwo, ƙwayar kuturta kuma ba a iya renonta a faranti, to ina sharuɗɗan? A nan suka ga ƙa'ida tana iya zama mai amfani ƙwarai ba tare da ta game komai ba.

Ɓangaren zamantakewa ya fi zafi, don na gida ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da kuma sayo maganin daga Indunusiya. Cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, nahiyar Afirka kuma ba ta sami shaidar kawar da nau'inta na daji ba sai 25 ga Agusta 2020. Tambayar da muka ajiye musu ita ce: maganin lafiya lau yake, to me ya sa uba mai son ɗansa ya ƙi shi, kuma me ya dawo da shi? Sun yi ta kai da komo a kan amana, da wanda ya kamata ya yi magana, da rawar sarakuna da malamai.

Haka muka yi da gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Gano dalma a jini aikin ɗakin gwaji ne. Fitar da injin niƙa daga tsakar gidan mutumin da zinaren ya fi masa noma kawo kuɗi, wannan wani ilimi ne daban.

A makonni huɗu na ƙarshe kaɗai aka koma tsoffin tambayoyi, kuma kowa sai ya faɗi dalilin da ya sa sauran zaɓi ukun ba daidai ba ne.

Sakamako

A semestan farko na aji huɗu ta sami 21 a gwaji, 43 a jarrabawa, jimla 64, wato B. Cikin goman da suka fara zaman, bakwai suka riƙe shi har ƙarshe, shida daga cikinsu suka ci. Cikin ukun da suka daina zuwa, ɗaya ya ci. Ta kammala tare da 'yan ajinsu da digiri mai daraja ta biyu babba.

Furojet ɗinta a kan ingancin ruwan da 'yan garuwa ke sayarwa ne a wata unguwa. Kafin ta ɗebi ko kwalba ɗaya ta je wurin mai unguwa da shugaban 'yan garuwar, ta yi musu bayanin abin da za ta auna, ta yi alkawarin ba za ta rubuta sunan kowa ba kuma za ta dawo musu da sakamako. Ta cika. A babin tattaunawa ta rubuta cewa samun ƙwayoyin cuta a jarka bai nuna daga rijiyar burtsatse suka fito ba, don haka ta auna ruwan a bakin famfo da kuma a jarka daban-daban.

Me ya yi aiki, kuma don me

A ganina faɗuwar farko ta rashin zuwa aji ce, ba ta buƙatar dogon bayani. Ta biyu ce abin dubawa, don ta yi ƙoƙari iyakar yinta ta hanyar da tsarin ya nuna mata. Mantiƙi gwaninta ce, kamar ɗiga samfur a faranti ba tare da ka gurɓata shi ba, sai an yi a gaban wanda zai gyara. Mun san wannan game da fanninmu, shi ya sa muke da firaktikal, amma muka yarda a koyar da tunani da lasifika.

Ban yarda zaman Asabar shi kaɗai zai fisshe ta ba. Da ta zo shi da fargabar nan a ranta, da ta zauna a baya ta yi shiru kamar da. Baffanta ne ya buɗe ƙofar, kuma ya iya ne don bai raina tambayar ba, bai kuma ɓoye mata cewa akwai manyan malaman da suka hana ba. Handawut ɗin da ya tashi daga Girka ya dire a Jamus ba tare da ya ambaci Gazali ko Ibnul Haisam ko Magili ba, yana gaya wa ɗalibar Kano ko Sakkwato cewa wannan ilimin baƙo ne a gidansu, alhali ba haka ba ne.

Adadin ɗalibanmu ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa, kuma mai yiwuwa waɗanda suka jure zuwa dama su ne masu himma. Maki 64 a kwas mai jarrabawar zaɓi ma ba shi ne babbar shaida a wurina ba. Babin tattaunawar furojet ɗinta ya fi gamsar da ni.

Abin da ya haifar da matsalar kuwa yana nan. Sabon ma'aunin NUC, CCMAS, wanda aka ƙaddamar a Disamba 2022, ya riƙe falsafa da mantiƙi a aji biyu da nazarin zaman lafiya a aji uku, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Sashenmu ya nemi a ba shi awa ɗaya a mako daga wannan kaso, a raba ɗalibai rukuni-rukuni, malamin kimiyya da na falsafa su shiga tare, a kuma daina haɗa lokacin kwas ɗin da firaktikal. Kafin a amince, zaman Asabar ya dogara ne ga malamai biyu da ba a biyansu, kuma waɗanda suka riga suka faɗi kaɗai yake ɗauka.